Kan Sarkin Adan a Tabarmar Kanumfari

Wete, Pemba
Mayu, 1994

Zuwa ga Kawu Kombo Bakari,

Assalamu alaikum. Shikamoo, Kawu, ina gaishe ka a durƙushe, kai da Inna Mtumwa da duk mutanen gidan. Ina fata kuna lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, har gishiri ya narke mana a kwalba.

Na san za ka juya takardar nan kana cewa wace ce kuma wannan. Ni ce Riziki, 'yar Shaame Faki mai aikin jirgin ruwa. Marigayiya mahaifiyata Maua, kakarta da kakarka ciki ɗaya suka fito. Rabonka da ni tun ina goye, kuma an ce na jiƙa maka farar riga a wani biki, don haka ba za ka ce ba ka san ni ba.

Bara bayan babbar Salla ciwon ɓarin jiki ya kwantar da Baba. Hannun dama ya tafi, baki ma ya tafi. Mutumin da in ya fara labarin teku sai shayin kowa ya huce, yanzu sai ido. Ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki, amma tun ranar da ya faɗi bai ƙara kiran sunana ba. Likita ya ce ya san ni sarai, kalmar ce ta ɓace masa. To ni dai kunnena bai ji ba, kuma abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba.

Akwai wani gwangwanin alewa da Mama ta bari. Duk tashar da jirginsu ya tsaya, Baba yakan aiko mata da wasiƙa. Wasiƙun gara ta cinye su tuntuni, amma takan yanke kusurwar ambulan mai kan sarki ta adana. Wata rana ina kakkaɓe ɗaki gwangwanin ya faɗo ya watse a kan gadonsa. Ina tsugune ina tsincewa sai na ji murya a bayana: "Bombay." Na juyo, ga shi riƙe da wani kore a hannun hagu. Ya ɗauki wani ya ce, "Maskat." Kawu, zama na yi a ƙasa ina ta rusa kuka, shi kuwa ko a jikinsa, ya wuce Darban.

Tun daga ranar kullum bayan la'asar sai mun zaga duniya. Akwai wani ja mai hoton jirgi, na Adan, shi ya fi so. Mama ta ce wasiƙar da ta zo da shi ita ta kawo sunana, don yana can aka haife ni. In ya riƙe shi yakan daɗe yana kallona, bakinsa na motsi, har in ce yau za ta fito. Sai ya ce "Adan," ya ajiye.

Ga damuwata. Hannunsa na rawa, ya yaga biyu, ya zubar wa ɗaya da koko, yanzu kuma danshi ya sa funfuna ta kama su. An ce mini a Kariakoo kaf babu mai sa hoto a gilashi kamarka. Ko za ka jera mana su a firam, in rataya gaban gadonsa, ya riƙa nunawa da yatsa ba tare da sun ƙare ba? In babu su ban san da me zan ƙara jin muryarsa ba.

'Yarka,
Riziki

Kariakoo, Dar es Salaam
Yuni, 1994

Riziki 'yata,

Wa alaikumus salam. Marahaba. Na amsa gaisuwarki, takardarki ta same ni lafiya, sai gwiwa da ta fara yi mini gardama a kan matakala. Innarki ba ta nan, ta tafi Tanga wajen 'yarmu da ta haihu, ta bar ni da tukunya muna kallon juna.

Rigar nan na tuna ta, ba ta ƙara fari ba har ta mutu. Kuma kar ki ƙara yi mini dogon bayanin dangantaka a kan Shaame. Abin yankan gilashi na farko da na riƙe a duniya shi ya kawo mini daga Bombay, lokacin ina yaron shagon wani, ko kwabo bai karɓa ba, cewa kawai ya yi in daina yanke yatsuna. Da shi na buɗe wannan shago. Na karanta abin da ya same shi na rufe ƙofa na zauna, ranar ban yi wa kowa aiki ba. Na gode da kika tuna da ni, ko da yake sai da funfuna ta tuna miki.

Yanzu ki buɗe kunne, don ni a kan aiki ba ni da wasa. Kar ki sa musu gam. Kar ki sa musu salatif, in kika sa zan gani, kuma za mu ɓata. Kar ki ɓamɓare su daga guntun ambulan ɗin, yadda Maua ta yanke su haka nake son su. Kar ki wanke, kar ki goge da tsumma. Funfunar ki kaɗe ta da gashin kaza a hankali.

Babban abokin gabarsu shi ne danshi. In na rufe su cikin gilashi da laima a jikinsu, funfuna za ta cinye su a ciki muna kallo, ba mai iya sa hannu. Saboda haka ki busar da su sarai, sarai nake ce miki, kafin ki aiko. Ki auna mini bangon da igiya ki sako igiyar a ciki, ban yarda da awon kamu ba, hannun kowa daban.

Ki gaishe mini da Shaame. Ki ce masa Kombo mai yankakken yatsa.

Kawunki,
Kombo

Kariakoo
Yuli, 1994

Riziki,

Gaisuwa a taƙaice, muna lafiya, ki karanta wannan a tsaye.

KAR KI SA SU A RANA.

Innarki ta dawo jiya. Muna cin abinci ina ba ta labarinki ina jin daɗin kaina, sai ta ajiye lomarta ta ce, "Kombo, 'yar Pemba ka ce wa ta busar da abu, a watan shanyar kanumfari? Ka faɗa mata a ina?" Na ce ai kowa ya san a inuwa ne. Ta ce, "Kowa na shagonka. A garinmu ko jariri ne ya jiƙe, tabarma ake nema masa a rana." Wallahi a take na bar abincin na nemo biro.

Rana tana shanye launin kan sarki, ja ta fi saurin ci, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ki sa su tsakanin fararen takardu masu tsabta, ki danne da littafi mai nauyi a cikin ɗaki. Ki soya shinkafa ba mai, ki ƙulle a ƙyalle ki jefa a gwangwanin, ita za ta tsotse laimar.

Na ba Pandu mai fataucin atamfa wannan a hannu, gobe zai hau jirgi, ya rantse mini gidanku zai fara zuwa.

Kombo

Wete
Agusta, 1994

Kawu,

Shikamoo. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, Inna kuma ta dawo ta cece ka daga tukunya. Mu lafiya lau. Na gaya wa Baba Kombo mai yankakken yatsa yana gaishe shi, ya ɗaga nasa yatsan ya yi dariya da rabin baki. Allah ya saka maka da alheri, ka faranta mana.

Amsarka ta Yuni ta zo a kan gaɓa, don rana ta fito, garin nan kaf ya zama tabarma. Kanumfari a bakin titi, kanumfari a filin makaranta, in kana tafiya sai ka yi ta tsallake kamar akuya. Na ware musu tabarmarsu sabuwa a gefen tamu, na danne kowanne da tsakuwa don iska. Da hantsi in shimfiɗa, da yamma in kwashe, yadda ake wa kanumfari, ban tsallake rana ɗaya ba. Maƙwabciyata har tana tambaya nawa ake sayen kilon wannan sabon iri.

Ka ce sarai, to sun bushe sarai, ƙaras-ƙaras suke yi. Funfuna ta gudu. Har wani haske suka yi, fes kamar an wanke su.

Waɗanda suka fi laima, na Adan da 'yan'uwansa jajaye da ya fi taɓawa, su na fi daɗewa ina shanyawa, kuma ban mayar masa da su ba tukuna. Kullum sai ya tona gwangwanin ya dube ni ya ce, "Adan?" In ce yana nan, Baba, wanka yake yi. So nake sai sun shiga gilashi ya gan su, ya sha mamaki.

Ga igiyar awo. Da na samu mai zuwa zan aiko da su.

'Yarka mai jin magana,
Riziki

Wete
Ƙarshen Agusta, 1994

Kawu,

Shikamoo. Jikinmu lafiya, zuciya ce ba lafiya.

Pandu ya kawo takardarka yau. Yau, Kawu! Ashe da ya sauka tsibirin Unguja a hanya biki ya tarar, ya ci shinkafar wannan ya wuce na gaba, takardarka na aljihunsa tana shan miya. Ya miƙo mini yana washe baki yana cewa, "Kin ga ban manta ba." Allah ne ya sa tsintsiya ta yi mini nisa.

Na karanta layin nan mai manyan baƙaƙe na ruga wajen kan sarkin. Na kwaso su na kai ƙofa na duba da idon gaskiya. Baƙaƙe da shuɗaye suna nan, koraye sun ɗan koɗe. Jajayen sun tafi. Na Adan ya koma kalar shayin da aka cika wa madara, jirgin da ƙyar ake ganinsa, sai baƙin hatimin gidan waya ne ya tsaya daram a kai. Kullum ina kallonsa yana koɗewa ina murna wai yana yin tsabta. Abin da ya yi shekara da shekaru a hannun Mama lafiya, ni na gama da shi da hannuna, ina waƙa.

Ba laifinka ba ne. Mu nan katifa rana, littafi rana, rogo rana, ban taɓa jin abin da rana ta ɓata ba sai yau.

Ga su nan duka na ba wata malamar asibiti da za ta zo Dar, ita ba ta zuwa biki. Roƙona ɗaya. Garinku babba ne, dole akwai mai irin wannan ja na Adan. Ka nemo ka liƙa a gurbinsa, Baba ba zai gane ba. In ya ga wannan farin abu ya kasa kiran Adan, to kalmar da ta fi kusa da sunana ita ma ta tafi, kuma ni na kore ta. Don Allah, Kawu, ka rufa mini asiri.

Riziki

Wete
Oktoba, 1994

Kawu,

Shikamoo. Shiru ya yi yawa. Malamar ta ce ta danƙa maka gwangwanin hannu da hannu, ka buɗe, ka duba, ba ka ce mata komai ba. In fushi kake da ni ka rubuto ka zage ni, zan ɗauka, ya fi mini wannan shirun.

Baba tun da gwangwanin ya bar gidan ya juya fuska bango. La'asar ta yi ba Bombay ba Maskat. Abinci sai na yi da gaske yake karɓar cokali biyu. Ko da firam ko babu, ka maido mana da su.

Riziki

Kariakoo
Oktoba, 1994

Riziki 'yata,

Marahaba. Fushin me? Zazzaɓi ne ya kayar da ni har Innarki ta ɓoye makullin shago a ɗankwalinta. Yanzu na miƙe, alhamdu lillahi. Abin da ya sa ban ce wa malamar komai ba, ƙamshin kanumfari ne ya bugi fuskata da na buɗe gwangwanin, na ga tsakar gidanmu na Wete da uwata a tsugune, da na buɗe baki a lokacin, da na ji kunya gaban baƙuwa. Shekaruna sun fi talatin a garin nan, har na manta yadda mutanenmu ke busar da abu. Da ban manta ba da na ƙara miki kalma ɗaya a takardar farko. Don haka ki rage wa kanki kaya, ki miƙo mini rabi.

Aiki ya gamu. Na zauna da shi dare bai taɓa riskata ba, don da hasken safe kawai nake yarda da idona. Kowanne na yi masa ɗan aljihu mai garai-garai, ba gam ko ɗigo. Na yanka farin kwali mai kyau, wanda ba ya rawaya, na buɗe wa kowanne tagarsa, kwalin kuma shi ya ɗaga gilashi don kar ya taɓa fuskarsu. In gilashi ya kwanta a kan kan sarki, da damina zai yi gumi su manne. Bayan firam ɗin kuma na rufe shi ruf saboda kyankyaso.

Ki rataya shi a bangon ciki, ba wanda ruwa ke duka ta waje ba, kuma ba wanda rana ke leƙowa ta taga ta sauka a kai ba. Ki sa ɗan katako a bayansa iska ta riƙa wucewa. Ki rataya masa zane kamar labule, a ɗage sai lokacin kallo. Na rubuta komai wannan karon, har Innarki ta karanta ta sa hannu.

Sai maganar roƙonki. Na nemo. Wani tsoho mai tara irin waɗannan a bayan masallacinmu yana da shi, ja wur, kamar jiya aka buga. Na kawo shi na ajiye kusa da naku, na ɗauki hantsaki, sai hannuna ya ƙi. Wannan sabon ba harshen Shaame ne ya lashe shi ba, ba almakashin Maua ne ya yanke shi ba, kuma bai ɗauko sunan kowa daga ko'ina ba. Ni kuma ban iya yi wa mutumin da ya ba ni sana'a wayo yana kwance ba. Na sa naku a tsakiya, yadda yake.

Amma ke ke jinya, ba ni ba. Sabon yana cikin 'yar ambulan a bayan firam ɗin, ƙusoshi huɗu na kusurwa kuma da cokali ma za su ɗago. In kin ga ba za ki iya ba, ki canza, ba zan tambaye ki ba.

Malamar ce za ta kawo. Pandu ya zo ya ce a ba shi, Innarki ta raka shi har titi.

Kawunki,
Kombo

Wete
Nuwamba, 1994

Kawuna,

Shikamoo, shikamoo, har sau nawa ma zan ce. Ina gaida Inna, ki ji Inna, Allah ya bar mana ke. Muna lafiya, lafiyar da rabonmu da ita tun bara.

Firam ya iso ko ƙwarzane babu. Da na kwance shi na ga yadda ka jera su, kowanne a tagarsa kamar masu leƙen ango, na ce ashe haka suke da kyau. Sai idona ya faɗa tsakiya. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji haushinka. Na ce wannan tsoho yana can Kariakoo yana tsare gaskiyarsa, ni ya bari da kallon idon Baba. Na ɗauko cokali, har na ɗaga ƙusa ɗaya. Sai na tuna almakashin Mama, wani mai baƙin hannu da take hana mu taɓawa. Na mayar da ƙusar.

Na rataya shi a bangon ciki, na sa katako, na rufe da zanen Mama mai ruwan goro. Bayan la'asar na tayar da Baba na jingina shi da filo. Ya rame, Kawu, kamar yaro na ɗaga shi. Ko kallona bai yi ba. Na ɗage zanen.

Ya daɗe yana kallo. Can yatsan hagu ya tashi. "Bombay." Muryar a dishe, ta kwana biyu ba a yi amfani da ita ba. "Maskat. Basra. Darban." Yana bi layi-layi, ni kuwa ina tsaye riƙe da bakin zane, na ga inda yatsan ya dosa.

Ya iso tsakiya ya tsaya. Ya matso da kai. Ya ƙanƙance ido. Bakin ya yi ta motsi ba abin da ya fito. Na ce shi ke nan, na kashe ta. Sai na ga jijiyar wuyansa ta tashi, irin tashin da take yi da can in mun fasa masa kofi, ya juyo ya watsa mini ido.

"Riziki!"

Zanen ya suɓuce daga hannuna.

"Ke Riziki! Wa ya shanya mini Adan a rana?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "Ja ne! Ja!" Ya buga katifa da hannun hagu. "Shashasha."

Kawu, tun da uwata ta haife ni ba a taɓa zagina na ji daɗi irin na ranar ba. Na durƙusa gaban gadon ina dariya ina kuka ina cewa, "Ƙara faɗa, Baba, wa ya shanya?" Shi kuwa haushi ya ƙara kama shi, ya sake kiran sunan, har maƙwabciyata ta shigo da gudu ba mayafi, ta ɗauka rasuwa aka yi. Ranar ya cinye shinkafar kwakwa kwano guda yana hararata.

Likita ya ce wai akan yi haka, fushi yakan buɗe abin da lallashi ya kasa. Ban ce ya warke ba, maganar tana zuwa tana tafiya, hannun dama kuma yana nan yadda yake. Amma sunan ya zauna. Da shi yake neman ruwa yanzu.

Da ka bi roƙona ka sa sabon, da ya ce "Adan" ya wuce, ni kuma ina ta godiya ban san abin da na rasa ba. Ba ni da abin da zan saka maka da shi. Ga kanumfarin bana na ƙulla wa Inna, wanda aka shanya a inda ya dace, ga kuma jan kan sarkin na maido, ka mayar wa tsohon da godiyata. Namu ya ishe mu.

Kullum in na ɗage zanen yana zaga duniyarsa lafiya, sai ya iso tsakiya ya tuna, ya juyo. Bari in tsaya nan, la'asar ta yi, ga shi can yana kira, zan je in sha faɗana.

'Yarka har kullum,
Riziki